Joker na Biyu: Abin da Na Gani a Sinimar Abuja da Dalilin Faɗuwarsa

Duk wanda ya tambaye ni ko ya nemi Joker: Folie à Deux, ci gaban fim ɗin Joker na 2019, ya kalla, abin da nake gaya masa shi ne, in don na farkon ya burge ka ne, to ka rage buri. Na kalle shi a wata sinima da ke cikin wani babban kanti a Abuja, a Oktoban 2024, mako guda bayan fitowarsa, ni da ƙanina wanda ya fi ni son na farkon. Har yau abin yana ci mini rai, don na daɗe ina jiransa.

Sinimar kanta ta yi ƙoƙari. Kujeru masu laushi, sanyi daidai, sauti har cikin ƙirji kake jin sa, kuma an fara a kan lokaci. Tsadar gugguru da lemo ce kawai ta wuce hankali. Tikiti biyu da ɗan abin taɓawa da kuɗin mota zuwa da dawowa sun haye naira 20,000, a watan da litar mai ta zarce naira 1,000, mafi ƙarancin albashi kuma yake naira 70,000. A irin wannan hali ba mai shiga sinima da ka, sai ya tambayi wanda ya riga shi kallo. Daren Asabar ne, amma da za a tattara mu wuri guda ba za mu cika layi biyu na kujeru ba.

Ba zan zalunci fim ɗin ba, akwai abin yabo a cikinsa. Joaquin Phoenix, wanda ya fito a matsayin Arthur, wato Joker, ya sake ramewa har ƙasusuwan kafaɗarsa sun fito, kana ganin bayansa a kurkuku tausayi zai kama ka. Akwai wurin da Lady Gaga, wadda ta fito a matsayin masoyiyarsa, ta zana murmushi da jan-baki a jikin gilashin da ya raba su, shi kuma ya matso da fuskarsa a hankali har zanen ya hau daidai bakinsa. Wannan hoton ya tsaya mini a rai. Haka shaidar da Gary, ɗan gajeren abokin aikin Arthur na da, ya bayar a kotu, muryarsa na rawa yana faɗin yadda tsoro ya hana shi sakat tun daga ranar da aka yi kisa a gabansa. A nan ne kaɗai na ji ɗakin ya yi tsit don an kama zukatanmu.

Waƙoƙin ne matsala, kuma a kan wannan Bahaushe na da ta cewa. Mun tashi da finafinan Indiya, namu na Kannywood ma da waƙa da rawa suka ginu, saboda haka ba za a ce ba mu saba ba ne. A fim ɗin da aka tsara da kyau, waƙa aiki take yi. Kafin ta fara saurayi da budurwa kallon juna suke yi daga nesa, tana ƙarewa ka san soyayya ta ƙullu, labari ya matsa gaba. A nan kuwa da zarar shari'a ta fara ɗaukar zafi sai a tsaya cak, a shiga cikin tunanin Arthur, ya rera wata tsohuwar waƙar Amurka da dusasshiyar murya, a dawo da kai daidai inda aka bar ka. Sai a sake, a kuma sake. Muna tsakiyar kallo ƙanina ya matso ya raɗa mini, "Yaya, wai yaushe za a shiga labarin?" Lokacin an ci fiye da awa guda daga cikin minti 138.

Labarin kuma kusan duka tsakanin kurkuku da kotu yake, ana maimaita abin da muka riga muka gani a 2019. Tallan da aka riƙa nunawa bai fito fili ya ce yawan waƙar ya kai haka ba. Mutum ya biya kuɗinsa don shinkafa, aka ajiye masa kunu. Kunun ba laifi gare shi ba, amma ba shi ya nema ba.

Alƙaluman sun ba ni mamaki da na bi su. Na farkon bai wuce dala miliyan 70 aka kashe masa ba, ya kawo sama da dala biliyan 1, Phoenix ya ci kyautar Oscar da shi. Na biyun ya lashe kusan dala miliyan 200, abin da ya tara a duniya baki ɗaya kuma kaɗan ya ɗara hakan. Wani zai ce ai an mayar da uwar kuɗi. Ba a mayar ba. Kusan rabin kuɗin tikiti masu sinima ne ke riƙewa, kuma kuɗin talla daban yake, ba ya cikin wancan lissafin. Shi ya sa a harkar ake cewa sai fim ya ninka abin da aka kashe masa sau biyu zuwa biyu da rabi kafin a fara maganar riba. A makon farko a Amurka ya samu ƙasa da dala miliyan 40, masu kallo suka ba shi makin D, wanda ke kusa da na ƙarshe, a binciken jin ra'ayin masu kallo na CinemaScore, mako na biyu cinikin ya faɗi da kusan kashi 80 cikin 100. Ba a cika wata guda ba aka sake shi a intanet don a saya a kalla a gida.

A ganina yawan kuɗin da kansa tarko ne. Fim mai ƙaramin jari zai iya gwada sabon salo, ko mutane kaɗan ne suka so shi ya tsira. Wanda aka zuba wa miliyan 200 dole sai duniya ta fito, kuma duniya ba ta fitowa don sunan jarumi kawai yanzu, domin kafin a tashi daga kallon farko ra'ayin mutane ya bazu a WhatsApp da TikTok. Haka ta faru da The Marvels a 2023, wanda ya tsaya a kusan dala miliyan 206 bayan na farkonsa, Captain Marvel, ya haye biliyan 1 a 2019. An dogara da tsohon suna, an ɗauka masu kallo za su biyo shi ko me aka ba su.

A waɗannan sinimomin namu dai A Tribe Called Judah na Funke Akindele, wanda ya fito a Disambar 2023, ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya haye naira biliyan 1. Labarin uwa ne da 'ya'yanta biyar da rashin lafiya da rashin kuɗi, wanda ya gani kuma ya koma ya turo ɗan'uwansa.

Idan kana karantar ɗaukar hoto ko sarrafa haske, nemi Joker na biyu ka kalla a gida, inda za ka iya tsayarwa ka maimaita wurin gilashin nan da shaidar Gary. Ba na yara ba ne, akwai duka da kisa da abin da bai dace a kalla da iyali ba.