Rada ko balan-balan: wanne ya fi kama saɓanin iska a goshin sanyi?

Malam, tambayarka ita ce: in iska mai sanyi ta kutso ƙarƙashin mai ɗumi (wurin haɗuwarsu shi ne goshin sanyi), irin yadda ake yi a Amurka da Turai, ta ƙasa ta nufi wani gefe ta sama ta nufi wani, wace na'ura ce ta fi nuna wannan saɓanin, radar Doppler ko balan-balan ɗin awon yanayi? Ni dai in goshin yana tafe, rada nake ba gaba, amma da sharaɗi.

Balan-balan ba ta da wuyar sha'ani. Tana hawa kusan mita 300 a minti ɗaya har ta wuce kilomita 30, GPS na bin sawunta, a samu gudun iska da alkiblarta hawa-hawa, ga zafi da laima a kai. A wannan fanni rada ba ta kama ƙafarta. Matsalar ita ce galibi sau 2 ake sakinta a rana, ƙarfe 1 na dare da 1 na rana agogon Najeriya. Cikin awa 12 kuwa goshin sanyi ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, ya zo ya wuce ba a gan shi ba.

Radar Doppler samfurin WSR-88D, wadda Amurka ke da kusan 160, tana share sama duk bayan minti 4 zuwa 6 in ana ruwa. Sai dai a fannin iska abu ɗaya take aunawa: gudun ɗigon ruwa zuwa wajenta ko nesa da ita. A allo kore na nufin yana tahowa, ja yana tafiya. To ina tsawo ya shigo? Hasken radar a karkace yake fita, saboda haka duk nisan da ka yi daga tsakiyar allo, sama kake ƙara dubawa. Ka sa ido kan siririn layin nan mai ruwan toka da ke raba kore da ja. In ya lanƙwashe kamar harafin S, iska na juyawa bin hannun agogo yayin da ake hawa, alamar iska mai ɗumi ke shigowa, goshin bai iso ba. In S ɗin ya juya baya, sanyi ya riga ya shiga. In kuma layin ya karye farat ɗaya, to goshin ne kansa kake kallo. Wannan karatun kyauta ne ga mai ido, kuma na fi yarda da shi a kan jadawalin da kwamfuta ke fitarwa.

Jadawalin nan na gudun iska da alkiblarta hawa-hawa, wato VAD, wanda Browning da Wexler suka daidaita lissafinsa a 1968, yana ɗauka cewa iska iri ɗaya ce a duk zagayen radar. Da goshin ya raba zagayen biyu, lissafi ya rushe, daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Sharaɗin da na ce shi ne nisa. Ko a ƙaramar kusurwar da aka saba, rabin digiri, hasken ya kai tsawon kusan kilomita 1.5 a nisan kilomita 100, ya haura 4 a nisan 200, ga shi yana ƙara faɗi. Sanyin da ke bayan goshi sau da yawa kwance yake ƙasa-ƙasa, sai hasken ya bi ta kansa ya wuce. Nan balan-balan ke ramawa, domin ta cikinsa take ratsawa.

Wani abin kuma, in babu ruwa, ƙwari da tsuntsaye radar ke bi. A kaka tsuntsaye masu ƙaura kan tashi da dare su nufi kudu da zarar goshin sanyi ya wuce, suna cin moriyar iskar arewa. Gudun fiffikensu sai ya hau kan na iska, jadawali ya nuna saɓanin da ya fi na gaskiya ƙarfi. Irin wannan daren, a jira awon balan-balan kafin a yanke hukunci.