Great Circle Mapper: Shafin Auna Nisan Filayen Jiragen Sama

Ga mai son sanin tazarar da ke tsakanin filayen jiragen sama biyu, komai nisansu da juna, ban ga abin da ya kai shafin intanet na Great Circle Mapper, wanda Karl Swartz ya ƙirƙira, amfani ba, kuma kyauta ake shigarsa. Abin da yake bukata kawai shi ne haruffa uku na kowane fili: KAD na Kaduna, KAN na Kano, JED na Jidda. Idan aka rubuta KAD-JED, nan take sai ya zana layi a taswira, ya kuma nuna nisan, wanda ya kai kusan kilomita 3,600. Ana iya zaɓar kilomita, ko mil, ko mil ɗin ruwa da matuƙa jirgi ke lissafi da shi, wanda kowane ɗaya yake daidai da kilomita 1.852.

Inda shafin ya fi ƙayatar da ni shi ne wuraren da suka yi nisa da ko'ina. Filin Mataveri da ke tsibirin Rapa Nui a tekun Fasifik, mai lambar IPC, yana da tazarar kilomita 3,759 daga Santiyago, babban birnin ƙasar Cile, kuma kusan dukan tafiyar a kan ruwa ake yin ta. Wato ɗan tsibirin ya fi nisa da babban birnin ƙasarsa fiye da yadda Jidda take da mu a nan Kaduna. Haka kuma idan aka haɗa Singafo da New York, tafiyar kilomita 15,349 da jirgin Airbus A350 ke yi cikin fiye da awa 18 ba tare da ya yada zango ba, za a ga layin ya lanƙwasa ya bi ta kusa da ƙurewar arewacin duniya. Dalili kuwa shi ne duniya a mulmule take, saboda haka hanyar da ta fi kusa ba ta fitowa a miƙe a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira. Malamin labarin ƙasa zai rage wa kansa dogon bayani da wannan hoto guda, haka ma ɗaliban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya.

Sai dai dole mai amfani da shi ya fahimci iyakarsa, domin abin da yake bayarwa shi ne mafi gajartar tazara, alhali jirgi ba kullum yake bin ta ba. Iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama tana sa zuwa da dawowa su bambanta a yawan awanni, sannan akwai rikicin ƙasashe. Layin Kaduna zuwa Jidda ya ratsa Chadi da Sudan, amma da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, sai jiragen alhazanmu na wannan shekarar suka riƙa yin zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mai ya ƙaru. Maniyyaci ko ɗan kasuwa da ya ɗauki lissafin shafin a matsayin tabbacin lokacin sauka zai sha mamaki.

Da Turanci aka yi shi, kuma tsarinsa na da ne, ya fi daɗin dubawa a kwamfuta fiye da waya. Ba ya nuna farashin tikiti ko jadawalin tashi, don haka wannan ɓangaren sai an tuntuɓi kamfanin jirgi ko ejan.