Agogon baƙin mai: mai waya ko mai tiyo, wanne za ka yarda da shi?

Salamu alaikum. Wani ƙaninmu daga wajen Gumel ya kawo tambaya a kan Peugeot 504 a-kori-kura da ya gada wurin mahaifinsa, wadda yake ɗaukar kaya da ita zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. An taɓa sa mata agogon baƙin mai, wato mai nuna ƙarfin matsin man a cikin inji, irin mai waya. Da safe allura tana tashi lafiya, amma da inji ya yi zafi sai ta zube kusan ƙasa idan motar tana silo. Bakanikensa ya ce a cire shi a sa mai tiyo. Yana so ya san wanne ya fi, kuma agogon ne ya lalace ko injin.

Ƙanena, bari in fara da yadda kowanne ke aiki, don a nan amsar take.

Mai waya bai taɓa ganin baƙin mai da idonsa ba, labari ake ba shi. Sensa ce ɗaure a jikin inji, mai yana danna ta, ita kuma tana rage ko ƙara wutar da ke tafiya ga allura. To ka ga hanyoyin ƙarya sun yi yawa: waya ta saki, tsatsa ta ci bakinta, sensa ta tsufa, ko an naɗe zarenta da farin tef har ta daina taɓa ƙarfen inji, alhali ta nan take sauke wutarta. Akwai kuma wadda ta fi yawa a garejojinmu, wato a sayo sensa daban, agogo daban. Wani agogon an yi shi ne ya yi aiki da sensa mai om 10 zuwa 180 (om ma'aunin tirjiyar wuta ne), wani kuma 240 zuwa 33, wanda lissafinsa ma a juye yake. Zaren zai shiga daidai, amma karatun ba zai taɓa zama gaskiya ba.

Gwada shi ba wuya. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka zare wayar daga kan sensa, allura za ta tafi ƙarshe ɗaya. Ka ɗan taɓa wayar a jikin inji na ɗan lokaci kaɗan, ta koma ɗaya ƙarshen. In ta yi haka, agogo da waya lafiya lau, sai a tuhumi sensa. In ba ta motsa ba, aikin mai wayarin ne.

Mai tiyo kuwa man ne da kansa yake biyo siririn tiyo har bayan agogo, ya tura wani lanƙwasasshen bututun tagulla da ke jan allura. Ba ruwansa da batir ko fiyus, shi ya sa na fi yarda da maganarsa. Sai dai yana da nasa haɗarin, kuma na gani da idona. Na taɓa sa mai tiyon roba a tawa motar, tiyon ya jingina da bakin salansa ban lura ba. Muna tsakanin Ringim da Gujungu na ji ƙauri, na buɗe bonet na tarar mai yana tsartuwa siriri kamar zare, gefen inji duk ya jiƙe. Da na ƙara tafiyar minti goma, da injin ya buga. In za ka sa shi, ka nemi tiyon tagulla, a nisanta shi da salansa, a sa masa roba a ramin da yake ratsawa ya shigo cikin mota don kada ƙarfe ya yanke shi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a bayaninka. Lalataccen agogo mai waya yawanci rawa allurarsa take yi in an faɗa gargada, ko ta maƙale wuri ɗaya. Taka kuwa tana bin zafin inji, tana sama da sanyin safiya, tana sauka in mai ya tsinke. Wannan ya fi kama da agogon da ke faɗin gaskiya. Ɗan sauka idan inji ya yi zafi ba laifi ba ne, kowace mota tana yi, amma zubewa har ƙasa alama ce ta metal, wato ƙarafan da ƙaramshaf ke juyawa a kansu, da suka cinye, ko famfon mai da ya gaji, ko rariyar famfon da dauɗa ta toshe, ko man da ya daɗe ba a yi juye ba. Motocin 504 tun 1975 aka fara haɗa su a Kaduna, kuma ko ta ƙarshen fitowa, ta 2006, ta sha hanya da ƙura.

Saboda haka kada ka sayi komai tukuna. Ka zaro geji ka duba mai. In ya yi ruwa-ruwa ko yana warin fetur, a yi juye da 20W-50, a canza filta. Sannan bakanike ya kwance sensa, ya ɗaura agogo mai tiyo kai tsaye a raminta, a bar inji ya yi zafi sosai, ba ɗumi ba. Ƙa'idar da makanikai suka daɗe da ita ita ce aƙalla psi 10 (psi ma'aunin matsi ne da ke fuskar agogo) ga kowane juyi 1,000 na inji a minti ɗaya, kuma in agogon da ma'aunin bar yake ƙirga, bar 1 ya kai kusan psi 14.5. In mai tiyo ya nuna lafiya, ka huta, sai ka je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka sayo sensa da agogo 'yan gida ɗaya. In shi ma ya zube, ka ajiye motar a sauke kaskon mai a duba rariya da metal, don gyaran metal yau ya fi sayen inji gobe sauƙi nesa ba kusa ba.

Ni dai a motar da ke ɗaukar buhuna cikin zafin bazara, mai tiyon tagulla zan sa. Amma kada ka yarda a cire maka jar fitilar mai da motar ta zo da ita. A sa mahaɗi mai baki uku su zauna tare, don idonka yana kan hanya da awaki, fitila za ka fara gani kafin allura.