Littafi Mai Tsarki mai nassoshin gefe: yana nuna ayar, ba ya ba da labarinta

Na sayi wannan bugu na Littafi Mai Tsarki a wani kantin littattafan Kirista da ke Jos, saboda an ɗora mini koyar da ajin manya na makarantar Lahadi a makonnin da ke gaban Kirsimeti, darasin kuwa shi ne yadda marubutan Sabon Alkawari suka ga cikar maganganun annabawan Isra'ila a kan Yesu Almasihu. Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne ɗan siririn layin da ke gefen kowane shafi, inda aka jera nassoshin da ke da alaƙa da ayar da mutum yake karantawa.

Ɗinkin littafin yana da ƙarfi, kuma yana zama a buɗe a kan tebur ba sai an danne shi ba. Amma takardar ta yi siranta har rubutun bayan shafi yana leƙowa, lambobin nassoshin kuma sun yi ƙanƙanta ƙwarai, har wata dattijuwa a ajinmu ta miƙo mini shi tana cewa, "Malam, karanta mini, tabarau ɗina ya gaza."

Inda alaƙar take a fili, aikin ya yi kyau. Daga Matiyu 2:6 an kai mutum Mika 5:2 a kan Baitalami, daga Matiyu 21:5 an kai shi Zakariya 9:9 a kan sarkin da ke zuwa bisa jaki, daga labarin Filibus da mutumin Habasha a Ayyukan Manzanni 8 kuma an mayar da shi Ishaya 53.

Matsalar ta fara ne a Matiyu 1:23, ayar da ta ce budurwa za ta yi ciki ta haifi ɗa. Gefen shafi ya rubuta Ishaya 7:14, ya tsaya nan. Bai gaya wa mai karatu cewa Ishaya ya yi maganar ce ga Ahaz sarkin Yahuza wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da Rezin sarkin Dimashƙu da Feka sarkin Isra'ila suka haɗa kai suka tasam ma Urushalima ba. Bai kuma ambata cewa kalmar Ibrananci, wato alma, tana nufin matashiyar mace ba, alhali fassarar Girkanci da Yahudawa suka yi, wadda aka fara a Iskandariya ta Masar tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, ta sa partenos, mace da ba ta san namiji ba, wannan kuwa ita ce kalmar da ke cikin Matiyu. Abin ban sha'awa shi ne, kalmarmu ta budurwa tana ɗauke da ma'anonin biyu, don haka Bahaushe zai wuce ayar bai ma san an daɗe ana muhawara a kanta ba.

Haka yake a Matiyu 2:15, ayar da ke maganar kiran Yesu daga Masar yana yaro, inda aka nuna Yusha'u 11:1. Wanda ya buɗe wurin zai tarar annabin yana waiwayar fitowar Isra'ila daga Masar ne, ba ya hangen gaba. A ganina Matiyu yana karanta rayuwar Yesu a matsayin maimaicin tarihin al'ummarsa, kuma wannan shi ne zuciyar darasin gaba ɗaya, amma lamba a gefen shafi ba za ta iya faɗin haka ba. Ko a Ishaya 53 ɗin ma, babu ko layi ɗaya da ya sanar da cewa malaman Yahudawa irin su Rashi, wanda ya rasu a 1105, sun fahimci bawa mai shan wahala da surar ke magana a kansa a matsayin al'ummar Isra'ila.

Ga fasto ko ɗalibin makarantar tauhidi da ke da littattafan sharhi a gefe, wannan bugu zai rage masa wahalar nema sosai, kuma ban yi nadamar kuɗina ba. Ni dai a ajinmu sai da na sa kowa ya karanta Ishaya 7 daga aya ta 1 zuwa ta 17 kafin mu koma kan Matiyu, darasin da na shirya wa mako ɗaya kuwa ya ci mana uku.