Ƙofar AM da ta FM a janaretan sigina: kowacce da hanyar saita ta

Salamu alaikum. Ɗan'uwanmu da ke aikin gyaran kayan sadarwa a Jidda ya ce janaretan siginar maikurowef ɗinsu (na'urar da ke samar da siginar gwaji) yana nuna AM (ɗora sauti ta hanyar sauya tsayin sigina) kashi 30 da karkatar FM (ɗora sauti ta hanyar sauya firikwensin sigina) kilohaz 100, amma abin da ke fita daban ne. Yana tambaya ko hanyar saita ƙofofin biyu, wato inda ake shigar da sautin AM da na FM daga waje, ɗaya ce.

Malam, kada ka taɓa saitin ciki tukuna. Kunna na'urar ta yi aƙalla minti 30 ta ɗumama, sannan ka duba abin da kake shigar mata. A yawancin samfuran HP da Agilent, lambar da ke fuska tana zama daidai ne idan ƙofar ta samu bolt 1 a ƙololuwa, wanda mitar hannu za ta karanta 0.707. Ga kuma inda mutane da dama ke faɗawa: wata ƙofar om 50 ce, wata om 600. Idan na'urar da ke ba ka sautin ta ɗauka om 50 take ciyarwa alhali 600 ce, bolt 1 ɗinka ya zama kusan 1.85. Wannan ya shafi ƙofofin biyu.

Daga nan suka rabu. A AM, tsayin layukan gefe kake aunawa a sifektiram analaiza, na'urar da ke nuna kowane firikwensi a matsayin layi: uwar sigina (siginar asali da ake ɗora wa sauti) a tsakiya, layukan gefe a dama da hagunta. Kashi 100 yana ajiye su dB 6 (desibel, ma'aunin ƙarfin sigina) ƙasa da uwar sigina, kashi 50 dB 12, kashi 30 kuwa dB 16.5. Matsalar ita ce komai ya rataya a kan gaskiyar analaizar: kuskuren dB 1 kacal zai mai da 30 ta zama kusan 34. Kuma ka rage ƙarfin fitarwa da dB 6 daga iyakarsa, in ba haka ba ƙololuwar ba ta da wurin tashi, sai ta yanke, ka yi ta zargin ƙofar a banza. Idan layin dama da na hagu ba su yi tsayi ɗaya ba, FM ce ta kutsa cikin AM ɗin.

FM kuwa, wallahi na fi samun natsuwa da ita, domin lissafin Bessel, wanda ke bayyana tsayin layukan FM, ya ba mu shaidar da ba ta dogara da ma'aunin tsayi ba. Uwar sigina tana ɓacewa idan karkata, an raba ta da firikwensin sautin, ta ba da 2.405. Kana son tabbatar da kilohaz 100? Sa sautin a kilohaz 41.58, ka fara daga sifili, ka riƙa ƙara ƙarfinsa sannu a hankali har layin tsakiya ya nutse. A daidai wurin karkatar 100 ce, sai ka duba ko bolt 1 ne a ƙofar. In ya nutse da dB 40, kuskurenka bai kai kashi 1 ba. Fara daga sifilin wajibi ne, saboda akwai ɓacewa ta biyu a 5.52, wadda za ta iya ruɗa ka. Ka kuma zaɓi AC a ƙofar. A DC, ɗan bolt ɗin da ya yi saura yana ture uwar siginar daga mazauninta.

Idan ka ga ƙananan layuka a tazarar haz 60, wutar Saudiyya ce ta shigo ta wayar ƙasa. 'Yan'uwa na Sudan za su gan su a haz 50. Haɗa na'urorin a soket ɗaya, ka gajarta waya.

Saboda haka FM za ka iya tabbatar da ita a shago, ka yarda da sakamakon. AM kuwa, in abokin ciniki yana neman takardar shaida, kai ta ɗakin gwaji mai shaidar ISO/IEC 17025, ƙa'idar duniya ta ɗakunan gwaji da awo. Cibiyar awo ta ƙasa da ke ƙarƙashin SASO, hukumar ƙa'idojin inganci da awo ta Saudiyya, tana Riyad. Idan akwai hatimin kalibireshan a jikin na'urar, buɗe murfin zai lalata shi, don haka ka nemi izinin maigidanka kafin ka sa sukundireba.