Gargaɗi ga 'yan Gombe: kantar da ake cewa tana ɗaukar kilo 100

Jama'ar Gombe, don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa 'yan uwa, musamman mata masu ƙananan shaguna a gida da iyayen da ke haɗa kayan ɗakin amarya.

Akwai wani mutum da ke tallar kanta a WhatsApp da Facebook, irin wadda ake kawowa a warwatse cikin kwali, kai ka ɗaure da kanka. Yana cewa 'yar Turkiyya ce, wai kowane hawa yana ɗaukar kilo 100, har da bidiyon wani ƙato ya hau kai ya tsaya. Rabin kuɗi kafin a ɗoro kaya, ragowar in direba ya iso tasha.

Yayata da ke Tudun Wada ta sayi biyu. Ta jera katan-katan na madara da taliya, ta ɗora jarkar man gyaɗa a hawan sama. Kwana 10 ba su cika ba tsakiyar allon ta fara lotsawa. Aka yi ruwa mai ƙarfi da dare, danshi ya cika shagon, da asuba sai ji suka yi rugum! Jikanta ɗan shekara 3 a gindin kantar nan yake wuni yana wasa. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Na kwashi ɓaraguzan na kai wa kafintanmu a Jekadafari. Ya murje gefen allon da yatsa, sai ga gari yana zuba kamar dusa. Garin katako ne aka matse da gam, aka lulluɓe da farar leda mai sheƙi. Da zarar ya sha danshi sai ya kumbura, ramin ƙusa ya saki, kuma ba ya komawa yadda yake. Abin da ke riƙe kowane hawa 'yan turaku huɗu ne na roba, ba su kai girman ƙwayar wake ba.

Ku duba abin da masu ƙera irin wannan kaya na gaskiya suke rubutawa. Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, wanda duniya ta sani da wannan sana'a, kilo 30 ya ƙayyade wa kowane hawa na kantarsa BILLY mai faɗin santimita 80. Ta KALLAX kuwa kilo 13. Buhun siminti ɗaya kilo 50 ne. Shi wannan mutumin buhu biyu yake yi wa mutane alkawari! Kuma ko kilo 30 ɗin sai an baza nauyin ko'ina, an kuma ɗaure kantar da bango. A 2016 IKEA ya janye durowa kusan miliyan 29 a Amurka saboda suna kifewa kan yara.

Bidiyon nan ma yaudara ce. Ƙaton a gefe ya tsaya, inda jikin kantar ke tallafe da shi, na 'yan daƙiƙoƙi. Irin wannan allo a hankali yake lanƙwasa, yau kaɗan gobe kaɗan. Tsawo kuma yana da illa: in aka ninka tsawon allo da nauyi iri ɗaya, lotsawarsa sau takwas take ƙaruwa.

Da Yaya ta kira shi, cewa ya yi, "Hajiya, ke kika yi lodi fiye da kima." Daga nan ya toshe lambarta. Yanzu ya sauya sunan shafin, tallar ta koma Bauchi.

Wadda ta riga ta saya, ta sauke jarkoki da buhuna zuwa ƙasa tun yau, ta sa kafinta ya ɗaure kantar da bango, ta ɗaga ƙafafun kantar daga siminti. Mai shirin saye ya nemi takardar cikin kwali da ke nuna nauyin kowane hawa, kada ya tura ko sisi sai ya taɓa allon da hannunsa. Wanda aka cuta kuma ya adana shaidar tura kuɗi da hirarsu, muna tattarawa za mu kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.