Kyamara ko waya? Amsa ga ɗan'uwan da zai fara yi wa kamfanoni bidiyon talla

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin ka sayi babbar kyamara da ka riƙe wayarka ka ƙara mata makirufo da fitila, riƙe wayar. Duka biyun ina da su, ba ji na yi ba.

Duba inda aikin zai sauka tukuna. TikTok, Reels da Instagram ya fito da shi a 2020, Shorts na YouTube, Status na WhatsApp, duk a tsaye ake kallonsu, ma'aunin 9:16, wato 1080 a faɗi 1920 a tsawo. Wayar da ke da kyamara mai ɗan dama-dama tana ba da wannan ba wahala. Kuma ko da 4K ka ɗauka, wato hoton da ya fi wannan ma'aunin girma da kaifi, manhajar sai ta matse bidiyon kafin ya kai ga mai kallo, WhatsApp ma ya fi kowa matsewa. Yawancin kyan da ka zuba kuɗi dominsa a hanya yake zubewa, abin da ya rage kuma a allon da bai wuce tafin hannu ba za a gan shi.

Abin da ba ya zubewa shi ne murya. Mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma da sun ji magana kamar daga cikin rijiya, yatsa ya ja sama, an wuce. Akwai wani ƙaramin kamfanin takalman fata da nake yi wa aiki. Mai wurin dattijo ne mai kunya, da ya ga an saita masa kyamara sai baki ya mutu. Ran nan na maƙala masa ɗan makirufo mara waya a wuyan riga, na tsaya gefe da wayata, na ce Baba ci gaba da aikinka, ni ma kallo na zo yi. Yana ɗinki yana bayanin yadda ake gane fata ta gaske, ya lanƙwasa ta ya nuna yadda take tattarewa ta sake miƙewa. Makirufon ya kamo muryarsa tas, har ƙarar basilla tana huda fata ana ji, hayaniyar injinan ɗakin kuwa ta koma can baya. A ƙarƙashin bidiyon nan mutane ba "ya yi kyau" suke rubutawa ba, lambar ƙafa suke faɗa suna tambayar ko akwai. Wannan shi ne abin da kamfani yake biyanka dominsa. Har yau makirufon nan a aljihuna yake kwana, ina ji da shi ƙwarai.

Bayan murya sai haske. Da rana taga ta ishe ka, muddin mai maganar ya fuskance ta, ba ya ba ta baya ba. In za ka sayi fitila, ka nemi mai faffaɗan allo da mayafin da ke tausasa haske. Mai zobe ta yi wa fuska, amma in kayan da kake tallatawa kwalba ce ko leda mai sheƙi, zoben zai fito ɓaro-ɓaro a jikinsu, haka ma a tabarau. Ka ɗauka da kyamarar baya, ka goge gilashinta, ka danna allo ka riƙe har hasken ya kulle don kada ya riƙa rawa.

Kyamarar fa? Tana da ranarta: hoton da za a buga a takarda ko babban allon talla, ko ɗauka cikin duhu. Amma sai ka cire katin ajiya, ka juye a kwamfuta, ka tace, ka turo waya, ga kuɗin gilashi da batir. Tawa dai tana cikin jakarta.

Da waya kuwa a wurin kake gamawa. Ka yanka a CapCut, manhajar tace bidiyo, ka sa rubutun abin da ake faɗa a kan bidiyon, don da yawa suna kallo ne ba sauti. Ka nuna kayan tun daƙiƙun farko, tambarin kamfani ya jira ƙarshe. Sannan ka kula da kiɗa: shafin kasuwanci a TikTok yana da rumbun waƙoƙin da aka amince a yi talla da su, in ka ɗauko waƙar wani mawaƙi ka ɗora wa talla ba izini, ana iya kashe sautin ko a sauke bidiyon, kai ne da jin kunya a gaban mai kaya.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Jabun makirufo ya yi yawa, kwali ɗauke da sunan sanannun kamfanoni irin Rode ko DJI, ciki kuwa tarkace. Kada ka biya sai ka gwada da wayarka a gaban mai sayarwa: ka maƙala, ka yi nisa, ka juya baya, ka yi magana, ka dawo ka saurara da abin kunne. In ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, kuma in an biya ba a dawowa, kama gabanka. Ka duba bakin da yake shiga waya ma, USB-C ne ko Lightning na tsofaffin iPhone, don iPhone sai daga ta 15 a 2023 ta koma USB-C. Masu cewa za su sayar maka da mabiya dubu-dubu su ma ka guje su. Kamfanin da ya san abin da yake yi zai ce ka nuna masa alƙaluman shafi, nan take asiri zai tonu.

Ka fara da makirufo, sai sandar ɗora waya mai ƙafa uku, sai fitila. Kyamara ta jira ranar da wani kamfani zai nemi hoton bugawa ya kuma biya kuɗin da zai sayo ta. Faɗa mana wace waya kake riƙe da ita, in gaya maka irin bakin makirufon da zai dace.